Mun kai Baba ya ga dala uku

 Da yawa daga cikinku kun yi ta aiko saƙo kuna tambayar ina muka shiga, sati uku ba a ji muryarmu a shirin safe ba. Wasu sun ce an sallame mu daga aiki. Wata baiwar Allah daga Gidan Rumji ta ce ta ji ƙishin-ƙishin mun ƙara aure. Ko ɗaya babu. Masar muka je, mu da mahaifinmu, kuma akwai saƙon da ya ɗora mana mu isar. Shi ya sa muka zauna muka rubuta wannan. Ku yi haƙuri da tsawonsa, abin ba ya shiga minti biyar na radiyo.

Baba mushe ne. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a kwaleji, daga Dakoro zuwa Tasawa, daga Tasawa zuwa nan Maraɗi, kafin ya yi ritaya. Duk wanda ya zauna ajin sizyam ya san darasin Masar ta dā. Baba yakan ɗauki alli ya ja layi uku a tablo, ya juyo ya ce wa yara: wannan ita ce piramid, ku tuna da tarin buhunan gyaɗa da iyayenku suke ba ku labari, amma na dutse. Yana da wani kaye mai shuɗin bango da ya rubuta darasin a ciki tun yana saurayi. Har yau yana nan cikin akwatinsa. Ban da aikin hajji, bai taɓa wuce Kano da Yamai ba.

Shekara biyu da suka wuce ya fara tuntuɓe da buta. Ya bugi bakin ƙofa, ya ce ƙofar ce aka matsar. Da aka auna sai aka ce hawan jinin ido ne, wanda likitoci suke kira glokom. Bari mu tsaya nan mu yi aikinmu na masu radiyo: wannan ciwo sau da yawa ba ya zafi, ba ya ja, daga gefe yake fara cin gani kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya haura arba'in, musamman in akwai mai shi a dangi, ya je a auna masa ƙarfin ido tun yana gani garau. Mu mun makara. Idon hagu na Baba ya riga ya tafi. Na dama ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Muka haɗa kuɗi da ƙannenmu, muka sayar da filin da muke tanadin gini a kai, muka ce a gwada Alƙahira tunda mutanenmu da yawa can suke zuwa neman magani. Kar daga Maraɗi zuwa Yamai, jirgi ta Addis Ababa, sai Masar. Wani ɗalibi ɗan Tasawa da yake karatu a Azhar shi ya tarbe mu, shi ya zama bakinmu, don Larabcinmu bai wuce na salla ba, Faransancin kuma ba kowa ke jin sa a can ba.

Kwana uku aka gama duk awon. Likitan mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, aikin da ya rage shi ne a tsare sauran. Ya canza maganin ɗigawa, ya ce safe da dare, kada a tsallake ko sau ɗaya. A cikin taksi ba wanda ya ce uffan. Mu muna lissafin filin da muka sayar. Sai da muka kusa masauki Baba ya yi gyaran murya ya ce:

"Kwana nawa ya rage a tikitinmu?"

Muka ce goma.

"To, tunda idon na tahiya, a kai shi shi ga abin da ya daɗe shina ba yara labari."

Da labari ya isa gida, Gwaggo ta aiko murya a zauren dangi na WhatsApp. Ta ce: "Yanzu kun bar Maraɗi da miliyoyi don ku ga dala uku? Ku dawo ni in ba ku dala biyar." Sannan ta koma kan gaske, ta ce mi ya kai Musulmi gidan Fir'auna, da kuɗin umra aka yi da su. Baba ya karɓi wayar ya yi mata darasi na minti shida. Ya ce Fir'auna sarauta ce, kamar a ce Sarkin Katsina ko Sarkin Gobir, mutane da yawa sun riƙe ta cikin shekaru wajen dubu uku, a cikinsu akwai azzalumi akwai mai dama-dama. Ya ce tsakanin wanda ya gina babbar dala da Ramsis na biyu, wanda mutane da yawa suke dangantawa da zamanin Annabi Musa (AS), akwai sama da shekara 1,200. Gwaggo ta amsa da kalma uku: "Allah shi kyauta."

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin mu isa Giza. Mu ne ɗan fari. Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san ma'anar haka. Baba bai taɓa kiran sunanmu ba. "Kai", ko "wanga yaro", tun da muka fara aiki kuma "mai radiyo". Wurin Kaka muka girma a ƙauye sai da muka shiga kwaleji. Ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, ba mu taɓa zama mu biyu muna hira ba. Ƙannenmu suna hawa cinyarsa, mu daga bakin zaure muke gaisuwa. Da ma ƙanenmu ne zai raka shi Masar, sai aka hana shi hutu a wurin aiki. Tun daga filin jirgin Yamai muke miƙa masa hannu yana yin kamar bai gani ba. Ko da yake wataƙila da gaske bai gani ba.

Giza ba cikin daji take ba kamar yadda hotuna suke nunawa. Gari ya zo har gindinta, gidajen bene da shaguna da cunkoson motoci, kana juyowa kawai sai ka ga dutse ya tare sama. Ƙasar wurin duk duwatsu ce da ramuka, ga masu raƙuma da masu keken doki suna jan hannun riga. Ba mu yi taku hamsin ba Baba ya yi tuntuɓe, sandarsa ta faɗi. Ɗalibin nan ya ce: "Yaya, ka riƙe shi mana." Kafin mu yi shawara sai muka ji hannu a kafaɗarmu ta dama. Bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba. Shekararmu talatin da shida.

Sai ga wata matsala da ba mu yi zato ba. A gindin dalar Kufu, wanda littattafanmu na lakwal suke kira Keyops, Baba ba ya ganin ta. Dutse biyu ko uku kawai suke shiga bututun da ya rage masa. Ya ɗaga kai, ya sauke, ya juya hagu, ya ce bango kawai yake gani. Mai yi mana jagora, wata mata mai jin Faransanci, ita ta gane. Ta sa aka kai mu wani tudu can cikin rairayi inda ake hango dalolin daga nesa. Daga nan sun ƙanƙance, duk ukun sun shiga idonsa. Ya tsaya ya daɗe. Sannan ya ɗaga yatsa yana nunawa kamar yana gaban aji: Keyops, Kefren mai sauran farin dutse a ka, Mikerinos ƙarama. Ya ce ta farko mita 146 lokacin da aka gama ta, yanzu ta ragu zuwa wajen 138, duwatsu kamar miliyan biyu da dubu ɗari uku, shekara wajen 4,500. Ya ce hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, a ɗora biyar kan juna ba su kai ta ba. Jagorar ta yi dariya ta ce yau ta samu hutu.

Muka koma gindinta ya taɓa. Dutsen layin ƙasa ya kai masa ƙirji. Ya shafa shi da tafin hannu biyu kamar mai duba bijimi a kasuwar dabbobi. Ba mu shiga ciki ba, don hanyar sai an duƙa, gwiwarsa kuma ba ta yarda.

A nan ne aka yi ta. Baba ya ce, cikin muryar darasi, bayi dubu ɗari suka yi shekara ashirin suna jan waɗannan duwatsu da bulala a bayansu. Matar ta ce, cikin ladabi, yanzu masana ba haka suke gani ba. Lissafin mutum dubu ɗari daga Herodot ya fito, Bagirken da ya zo Masar wajen shekara dubu biyu bayan an gama ginin, labari aka ba shi. Maganar bayi kuma littattafai da finafinai suka yaɗa ta. Ta ce a 1990 an gano kaburburan ma'aikatan nan kusa, kudu da dalolin, an kuma tono garin da suka zauna, da gidajen gasa burodi da tarin ƙasusuwan shanu da awakin da aka yanka musu. An ga ƙasusuwan mutanen da suka karye aka ɗora su suka warke. Masana suna ƙiyasta su tsakanin dubu ashirin zuwa talatin, yawancinsu ƴan ƙasa ne da ake kawowa bi da bi. Ta ƙara da cewa a 2013 wani Bafaranshe mai suna Pierre Tallet ya samu takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, a cikinsu akwai rajistar wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta kwanakin da suka yi suna ɗauko farin dutse daga Tura cikin jiragen ruwa zuwa Giza.

Baba ya yi shiru. Can ya ce: "A 1990 ina Dakoro. Ba wanda ya aiko mani."

Daga nan har wurin Abul Hauli, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, bai ƙara magana ba. Ko da matar ta ce ba sojojin Napoleyon suka fasa masa hanci ba, don akwai zanen da aka yi tun kafin a haifi Napoleyon da yake nuna shi ba hanci, Baba kai kawai ya kaɗa. Da dare muka sayo koshari, shinkafa da taliya da wake-wake da miyar tumatir, abincin talakan Alƙahira. Bai ci ba. Ya ce mu lissafa masa: aji biyu ko uku kowace shekara, kowane aji yara sittin ko fiye, sau talatin da ɗaya. Muka ce Baba abin da littafi ya ce ka koyar. Ya ce littafi bai tsaya gaban yara ba, shi ya tsaya.

Washegari da safe ya samo wa kansa rabin mafita. Ya ce to ba bayi ba ne, an ji. Amma in sarki ya aiko a kawo samari daga kowane gari, wa ke iya cewa a'a? Ya ce mahaifinsa ya yi aikin dole na zamanin Nasara, ya ɗauki dutsen hanya a ka, shi ma ba bawa ba ne a takarda, har aka soke abin a 1946. A ganinmu nan Baba ya fi jagorar gaskiya. An ciyar da su, an yi musu magani, an binne su da daraja, amma burodi ba ya nuna cewa mutum da son ransa ya zo.

Kafin mu bar Alƙahira mun je gidan tarihin Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna 22 a shekarar 2021. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, da duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Duhu kuwa shi ne babban abokin gaban idon Baba. Da muka zo kan Ramsis na biyu, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, Baba ya matse mana kafaɗa ya ce: "Mi kake gani?" Muka ce ga shi nan kwance, ya bushe, ya yi baƙi.

"Shi ke nan? Kai ne mai radiyon?"

Wallahi maganar ta shige mu. Shekara goma sha ɗaya muna gaban mikro, aikinmu ke nan mu faɗa wa wanda ba ya wurin abin da ke wurin, ga shi mun kasa bayyana fuskar mutum ɗaya. Muka sake dubawa. Akwai sauran gashi a gefen kansa. Hancinsa dogo ne mai lanƙwasa. Hannuwansa a kan ƙirji. Kafin mu haɗa maganar Baba ya ce mu fita, gawa gawa ce ko ta wane ne, bai ga dalilin da za a jera su mutane suna zagayawa ba. Mu ma ranmu bai kwanta da wurin ba.

Luksor tana kudu, sama da kilomita 600 daga Alƙahira. Ɗalibinmu yana da jarrabawa, don haka daga nan mu biyu ne kawai. Jirgin ƙasa na dare muka shiga, wajen awa goma. Kun san mu ƴan Nijar da jirgin ƙasa, sai a hoto. Ƙarfe tara ta yi, lokacin magani, jirgi yana girgiza, Baba ya gwada sau biyu maganin yana zuba a kumatu. Kwalbar kuwa ƴar ƙarama ce mai tsada. Muka karɓa. Sai da muka riƙe masa haɓa da hannu ɗaya, muka buɗe fatar idon da yatsa. Ba mu taɓa ganin fuskarsa kusa haka ba. Akwai wani tabo a girarsa da ba mu san da shi ba.

Da ya rufe ido yana jiran maganin ya zauna, sai ya fara magana, wataƙila don ido a rufe ya fi sauƙi. Ya ba mu labarin yadda suna samari suke karɓar littattafan Shek Anta Diyop hannu da hannu, da yadda suka ji daɗi ranar da suka karanta cewa masana harsuna suna sa Hausa da harshen Masar ta dā cikin babban dangi ɗaya, har kalmar "huɗu" da "mutu" suna da ƴan uwa a can. Daga nan, ba tare da ya canza murya ba, ya ce muna yawan cewa "a takaice dai" a shirin safe sannan mu yi minti uku muna magana. Muka ce ashe Baba yana saurare. Ya ce kullum, amma a hankali yake kunnawa don kada Inna ta yi masa dariya. Ya juya ya fuskanci bango.

Karnak ba za mu daɗe a kanta ba, girmanta ya fi ƙarfin baki. Zaure ɗaya ginshiƙi 134, na tsakiya sun haura mita 20. Baba ya sa mu zagaya ɗaya yana ƙirga taku. A haikalin Luksor, cikin gari, akwai masallacin Abul Hajjaj da aka gina a kan tsohon ginin tun ɗaruruwan shekaru, har yau ana salla. Nan muka yi magariba, muka aika wa Gwaggo hoto. A ƙofar haikalin doguwar hasumiyar dutse guda ɗaya ce tsaye, gurbin ta biyun ba kowa. Tana tsaye a Paris tun 1836, Muhammadu Ali mai mulkin Masar na lokacin ya ba Faransa kyauta. Baba ya ce irin wannan kyauta mun san ta.

Kwarin Sarakuna, a ƙetaren kogin Nilu, mun shiga kabari uku da tikitinmu ya ba mu, muka ƙara kuɗi don na Tutankamon da Howard Carter ya gano a 1922. Ƙarami ne, Baba ya ce suna ya fi shi. Gaskiya a ranar ya gaji, mu ma mun gaji da masu cewa a ba su na goro a kowace ƙofa. Saura kaɗan mu koma otal. Direban taksinmu ne ya nace, da hannu da ƴan kalmomin Faransanci, cewa akwai wani wuri kusa da baƙi ba su cika zuwa ba.

Sunan wurin Dairul Madina. Ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakunan nan suka yi musu zane. Gida wajen saba'in a manne da juna, lungu ɗaya a tsakiya, bangon ya rage iya ƙugu. Kana ganin ɗaki, kana ganin madafa, kana ganin matakalar hawa soro. Baba ya ce wannan ai tsohuwar unguwa ce irin tamu. Wani jagora da muka ɗauka a bakin ƙofa ya gaya mana cewa a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na uku, sama da shekara dubu uku da suka wuce, hatsin da ake biyan mutanen nan albashi da shi ya makara. Sai suka ajiye kayan aiki, suka fita suka je suka zauna a bakin haikalin sarakuna suka ce yunwa suke ji. Takardar da ta ba da labarin tana birnin Turin na Italiya, kuma shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce.

Baba ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dutse. Tun da muka baro gida ba mu ji dariyarsa ba. Ya ce: "Ashe ƴan sandika ne! Ashe abokan aikinmu ne!" Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba sai an yi musu bayani ba. Wata da watanni ba albashi, yajin aiki yau, zanga-zanga gobe. Da dariyar ta lafa sai ya ce a lokacin ne Inna ta sayar da kwanonin aurenta. Ya ce sun so su ɗauko mu daga wurin Kaka tun muna firamare, har an yi mana rajista a gari. "Munka duba, a ƙauye aƙalla akwai hatsi a rumbu. Anka bar ka." Mu duk tsawon rayuwarmu mun ɗauka al'ada ce kawai. Ba mu san me za mu ce ba, sai muka ce rana tana yi, mu shiga inuwa.

Inuwar da ke kusa kabarin wani ma'aikaci ce mai suna Sennejem, wanda aka gano a 1886 ba a taɓa shi ba. Matakalar a tsaye take, ƙunci gare ta. Muka shiga gaba muna sauka da baya-baya, hannuwansa biyu a kafaɗunmu, muna ƙirga masa. A ƙasa ɗaki ne ƙarami mai rufin baka, bai fi ɗakin amarya ba, da zafi kamar tanda. Amma ko'ina zane ne, launin kamar jiya aka shafa. Baba ya juya kai ya ce rawaya kawai yake gani.

"Hwaɗa mani. Kada ka yi mani irin ta ɗakin gawa. Fara daga sama."

Muka kunna naɗin murya a waya, don in mun riƙe abin naɗi hankalinmu ya fi tsayawa. Muka ce a can sama akwai jirgin ruwa, da biri ɗaya a kowane gefe sun ɗaga hannu. Ya ce ci gaba. Muka ce a ƙasa ga mutum cikin farin zane mai ninki, ya duƙa, lauje a hannunsa yana yankan alkama. Ya ce shi kaɗai? Muka ce a'a, ga matarsa a baya cikin doguwar farar riga tana tattarawa. Ƙasa da nan ga shi kuma yana huɗa, shanu biyu suna jan garma, bulala a hannunsa, matar tana bin sa tana zuba iri. Ya ce ruwa fa? Sai a lokacin muka lura cewa shuɗin layin da ya zagaye zanen duka, ya kuma ratsa tsakani, ruwa ne. Gonar ruwa ya kewaye ta ta kowane gefe.

"A ƙasa kuma?"

Itatuwa, a jere. Ya ce waɗanne? Muka ce dabino, ga nonnansa. Da wani mai kama da ɓaure. Da wani kuma mai ganye irin na dabino amma ƴaƴansa manya, a cure. Mai gadin da ke tsaye yana yi mana fifita da kwali ya nuna shi ya ce: "Dum, dum."

Baba ya ce: "Goruba ce."

Muka duba da kyau. Wallahi goruba ce. Irin wadda muka fasa da dutse a ƙauyen Kaka, irin wadda ake saƙa tabarma da kabarta.

Jagoran ya ce wannan zanen lahirarsu ce, yadda suke fatan ta kasance. Baba ya daɗe bai ce komai ba, gumi yana zuba daga haɓarsa. Sannan ya ce addininsu daban, namu daban, wannan ba gardama. Amma mutumin da aka ce ya zana iyakar abin da ransa yake so, ya zana gona da ruwan da ba ya yankewa da matarsa a bayansa da goruba a bakin gona, to shi ya san mutumin nan, a Gulbin Kaba yake. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana koyar da sunayen sarakuna da tsawon duwatsu, bai taɓa gaya wa yara cewa manoma ne ba.

Ya sa mu maimaita daga farko. Wannan karon ya riƙa tsayar da mu: wane hannu ya riƙe laujen, matar tana kallon ina, alkamar ta kai masa ina. Wasu Turawa suka taru a matakala suna jira, mai gadi yana ta tafa hannu. Naɗin ya kai minti goma sha tara. Da muka fito haske ya kashe masa ido gaba ɗaya na ɗan lokaci, muka tsaya a bakin ƙofa hannunsa a kafaɗarmu har ya washe. A nan ya ce: "To, yanzu ka yi aikin radiyo."

Mun dawo gida lafiya ranar Talata. Maganin muna ɗiga shi safe da dare, mu ne muke biyawa kafin mu tafi aiki da bayan isha'i, ko da yake akwai masu iya yi a gidan. Likita ya ce a sake awo bayan wata uku, kuna iya sa mu a addu'a. Gwaggo mun kawo mata tsarabar ƴan ƙananan daloli uku na dutse, muka ce ga dala ukunki. Ta ce kayan Fir'auna ba su kwana ɗakinta. Jikokinta ne suke wasa da su a tsakar gida. Sunanmu kuwa har yanzu bai kira ba, kuma ba mu sa rai.

Shekaranjiya ya sa aka buɗe akwati aka ɗauko kaye mai shuɗin bango. Ya sa mu nemo shafin, muka ja layi a kan jimla ɗaya, muka rubuta gyara a gefe da jan biro kamar yadda yake yi wa ɗalibai. Sannan ya ce tunda muna da masu saurare, mu isar masa da wannan, kuma kada mu ƙara kada mu rage:

"Duk wanda ya zamna ajina na sizyam, a Dakoro ko Tasawa ko Maraɗi, kun san kanku. Inda na ce maku bayi dubu ɗari sunka gina dala, ku goge. Ma'aikata ne ƴan ƙasa, ba su kai haka yawa ba, ana ciyar da su, ko da yake ban ce da son ransu sunka zo ba. Hancin gunkin nan kuma ba Napoleyon ba ne. Wanda na rage ma maki saboda wanga, shi yahe mani. Wanda ke da ɗiya a lakwal, shi gaya masu."